Yadda ake kafa sharaɗi na musamman a lissafin farashi na SAP

Akwai wani kamfanin rarraba fenti da kayan gini da na yi wa aiki a unguwar masana'antu ta Idu a nan Abuja. Yawancin kwastomominsa dilolin kasuwar Dei-Dei ne, sai 'yan kwangila, sai masu shaguna daga Kubwa da Gwagwalada da Suleja. Wata safiya mai kamfanin ya kira ni ofishinsa ya ce: "Malam, ina so duk wanda ya biya kuɗi hannu kuma ya zo da motarsa ya ɗauki kaya, a rage masa kashi 2. Amma ban da 'yan kwangila, su akwai farashin da muka yi da su daban." Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Magana ce ta numfashi ɗaya, kuma duk yaron shago zai riƙe ta a ka. Sai dai manhaja ba ta san Alhaji ba, ba ta san wane ne ɗan kwangila ba, ba ta ga motar da ta tsaya a bakin sito ba. Abin da aka faɗa mata kawai ta sani, a filin da aka faɗa mata shi.

Wannan jagorar ta masu kula da ɓangaren ciniki ne na SAP, manhajar da kamfanoni ke tafiyar da ciniki da lissafinsu da ita, da akantoci da manajojin da ke so su gane abin da ake yi musu a cikin injin. Zan bi misalin ragin nan daga bakin mai kaya har zuwa inbois.

Yadda manhajar ke nemo farashi tun asali

Sai an fahimci wannan kafin a taɓa komai. SAP, wato manhajar kamfanin nan na Jamus da aka kafa a 1972, ba ta ajiye farashi guda a jikin kaya ta ce shi ke nan. Idan ma'aikaci ya buɗe oda a VA01 (irin wannan lambar ita ake bugawa a shiga wani shafi na SAP), manhajar tana ɗauko wani tsarin lissafi da aka jera layi-layi: farashin asali, ragi iri-iri, kuɗin dako, sannan haraji. Kowane layi yana da lambarsa. PR00 shi ne farashin asali, K007 ragin kwastoma ne, K004 ragin kaya, MWST kuma harajin VAT. Ana tsara waɗannan nau'o'in a V/06, ana jera su cikin tsarin lissafi a V/08.

Kowane nau'i yana da jerin bincikensa, wanda ake tsarawa a V/07. Jerin yana cewa: fara duba ko akwai farashin da aka yi wa wannan kwastoma a kan wannan kaya, in babu, duba farashin rukuninsu, in babu, ɗauki na kowa da kowa. Adadin kansa, naira kaza ko kashi kaza, yana cikin rikodin da ake shigarwa a VK11.

To ina sharaɗi ya shigo? Sharaɗi mai gadin ƙofa ne. Yana tsaye a gaban layi, kafin a je neman rikodi, yana amsa tambaya ɗaya tak: a shiga ko kada a shiga. Ba ya ƙara kuɗi, ba ya rage kuɗi, ba ya sauya adadi. Duk wanda ya riƙe wannan ya huta da rabin wahalar aikin, domin mafi yawan ɓarnar da na gani ta faro ne daga ranar da wani ya ɗora wa mai gadi aikin akanta.

Mataki na farko: mayar da maganar mai kaya tambayoyin "e" ko "a'a"

Nan ne aikin yake, kuma nan zan fi daɗewa. Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ɗauki biro da takarda ka koma wurin wanda ya ba da umarnin, ka zauna da shi tare da akanta da mai kula da sito.

"Kuɗi hannu" mene ne a wannan kamfanin? Tsabar kuɗi kaɗai, ko har da wanda ya tura ta banki aka ga alat kafin a yi lodi? Dilan da ya ce "Oga, a yi lodi, kafin la'asar za ka ga alat" fa, yana ciki? Da na yi wa Alhaji wannan tambayar ya ɗan yi shiru, sannan ya ce wanda kuɗinsa ya shigo kafin kaya su fita daga get, shi kaɗai. Wannan amsar ita ce ta ba mu damar ɗaure maganar a kan fili guda, wato sharuɗɗan biya da ake zaɓa a kan odar.

"Ya zo da motarsa" fa? Idan ya yi hayar mota a tasha, ko ya turo mai keke-napep, ai duk ɗaya ne, abin nufi shi ne kamfani bai kashe ko sisi a dako ba. Wannan kuma yana zaune a filin yanayin jigila. Sai na tambaya: daga wane sito? Kamfanin yana da babban sito a Idu da ƙarami a wani wuri, kuma ashe Alhaji na Idu kaɗai yake nufi, don ya rage cunkoson motocinsa a can. Bai faɗa ba da farko saboda a wurinsa abin a bayyane yake.

"Ban da 'yan kwangila." Ta yaya manhaja za ta gane su? Idan a bayanan kwastoma an cike filin rukuni da kyau, an wuce wurin. A wancan kamfanin ba a cike ba. Wasu an sa su a rukunin dilolin kasuwa, wasu an bar filin fayau. Kwana biyu muka yi da akanta muna gyara wannan kafin a rubuta layi ɗaya na lamba. Ba na ganin kwanakin nan a matsayin ɓata lokaci. Sharaɗin da ya dogara da filin da ba a cike ba zai yi aiki daidai yadda aka rubuta shi, kuma zai ba da amsar ƙarya.

Sai tambayoyin da ba wanda yake so a yi. Kayan kyauta da ake ɗora wa mai sayen da yawa, su ma a yi musu ragi? Kayan da aka dawo da su fa, a mayar wa mutum kuɗinsa da ragin ko babu? Idan an buɗe oda a matsayin kuɗi hannu, daga baya aka mayar da ita bashi, ragin ya tsaya ko ya fita? Rubuta amsar kowace.

A ƙarshe takardarka ta zama kamar haka: sharuɗɗan biya Z001 ne? Yanayin jigila Z1 ne? Sito 1100 ne? Rukunin kwastoma ba Z9 ba ne? Layin kaya na sayarwa ne ba kyauta ba? Idan duka biyar "e" ne, a ba da ragi. Waɗannan lambobin na misali ne, kowane kamfani da nasa. Ka karanta wa mai kaya takardar da Hausa, ya sa hannu. Ina dagewa a kan sa hannun nan, ba don rashin yarda ba, sai don bayan wata uku kowa yakan tuna maganar ta wata fuska daban.

Mataki na biyu: tabbatar cewa lallai sai an rubuta lamba

Ba kowace buƙata ce ke son sharaɗi na musamman ba. Idan maganar ita ce "wanda ya sayi bokiti 50 zuwa sama", wannan aikin matakan adadi ne a cikin rikodin VK11. Idan "daga farkon azumi zuwa bayan sallah" ne, ranakun fara aiki da ƙarewa na rikodin sun wadatar. Idan "kwastomomin Jihar Neja" ne, tebur mai mabuɗin yanki zai yi. A nan a lura sosai, domin mu a Abuja muna ɗaukar Suleja da Mararaba kamar unguwanninmu, alhali Suleja tana Neja, Mararaba tana Nasarawa, kuma manhaja abin da aka rubuta a adireshin wurin sauke kaya take bi.

Teburan farashi sun ƙware a "daidai da kaza". Inda suke gazawa shi ne "ban da kaza", ko haɗa filaye huɗu biyar da za su sa rikodi ya ninka har ba mai iya kula da shi. Maganar Alhaji tana da "ban da", kuma tana da filaye da yawa, shi ya sa na zaɓi sharaɗi. Haka kuma ka duba sharuɗɗan da SAP ta zo da su tun daga gida; wataƙila ɗaya daga ciki ya riga ya yi abin da kake so. Lamba 2, misali, tana duba ko layin kaya na masu farashi ne, lamba 7 da 8 kuma suna raba cinikin cikin gida da na fitarwa waje a wurin neman haraji.

Mataki na uku: nemo filayen

Lokacin lissafi, manhajar tana zuba bayanan odar cikin kwanduna biyu. KOMK na ɗauke da bayanan kan takarda: kwastoma, rukuninsa, sharuɗɗan biya, ranar farashi. KOMP na ɗauke da na layin kaya: kayan, siton da za su fito, nau'in layin. Buɗe su a SE11 ka ga filayenka da idonka. A misalinmu, sharuɗɗan biya KOMK-ZTERM ne, yanayin jigila KOMK-VSBED, rukunin kwastoma KOMK-KDGRP, sito kuma KOMP-WERKS.

Idan filin da kake buƙata babu shi, sai a ƙara shi. Na kan takarda a KOMKAZ, na layi a KOMPAZ, sunansa ya fara da ZZ. Ƙara fili ba ya cike shi. Dole a zuba masa bayani ta ƙofofin da SAP ta bari don haka, wato USEREXIT_PRICING_PREPARE_TKOMK da USEREXIT_PRICING_PREPARE_TKOMP. Kuma wuri biyu ake yi: a MV45AFZZ saboda oda, a RV60AFZZ saboda inbois. Wanda ya cike na farko ya manta na biyu, odarsa za ta fito da ragi, amma duk ranar da aka sake lissafi a inbois ragin zai ɓace, dila kuma ya zo ofis da takardu biyu masu jimla daban-daban yana tambayar wacce ce gaskiya.

Mataki na huɗu: nau'in ragin

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. A V/06 ka kwafi K007 ka ba shi sabon suna mai farawa da Z, a ce ZKH1. Ka bar shi a matsayin ragi na kashi cikin ɗari, mai alamar cirewa. Ka ba shi jerin bincikensa. Abu ɗaya da nake roƙo a kula da shi: filin da ke cewa ko za a iya shigar da shi da hannu. Zaɓi D, wanda ke hana hakan. In ba haka ba, ranar da sharaɗi ya hana wani babban dila ragi, za a samu wanda zai tausaya masa.

Mataki na biyar: rubuta sharaɗin a VOFM

Shiga VOFM, shafin da ake rubuta irin waɗannan ƙananan shirye-shiryen, ka zaɓi sharuɗɗa, sannan na farashi. Za ka ga jerin lambobi. Daga 600 zuwa 999 SAP ta bar wa kamfanoni, waɗanda ke ƙasa nata ne, kada ka taɓa su. Ɗauki lambar da ba kowa a kanta, a ce 901, ka rubuta mata bayani mai ma'ana, ka sa V a gurbin ɓangare. Manhajar za ta ƙirƙiri shirin RV61A901, kuma a cikinsa akwai sassa biyu: KOBED_901 da KOBEV_901.

Harshen da ake rubuta shi da shi ABAP ne, wato harshen shirye-shiryen SAP, kuma amsar tana fita ta wani fili mai suna SY-SUBRC. Idan 0 ne, ƙofa a buɗe take. Idan 4 ne, a rufe. Al'adar da SAP kanta take bi ita ce a fara da rufe ƙofa, a yi ta tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, sai an tsallake duka sannan a buɗe:

FORM kobed_901.
  sy-subrc = 4.
  IF komp-kposn NE 0.
    CHECK komp-prsfd CA 'BX'.
    CHECK komp-kznep = space.
    CHECK komp-werks = '1100'.
  ENDIF.
  CHECK komk-zterm = 'Z001'.
  CHECK komk-vsbed = 'Z1'.
  CHECK komk-kdgrp NE 'Z9'.
  sy-subrc = 0.
ENDFORM.

Kalmar CHECK tana nufin idan abin bai tabbata ba, a fice nan take. Tunda an riga an sa 4, ficewa daidai take da "a'a".

Layuka biyu na farko a cikin IF ba nawa ba ne, daga sharaɗi mai lamba 2 na kwafo su. Dalili kuwa, gurbin sharaɗi a tsarin lissafi lamba ɗaya yake ɗauka. Yawancin layukan ragi suna zuwa da 2 a gurbin. Da zarar ka goge ta ka sa 901, duk binciken da 2 ke yi ya tafi, sai in ka ɗauko shi ka zuba a naka. Mutane da yawa sukan manta wannan, sai su ga ragi yana faɗawa a layin da bai kamata ya ɗauki farashi ba. Idan kuma kayan kyautarku suna da nau'in layi na daban, kamar TANN, ƙara tambaya a kan KOMP-PSTYV don a tabbatar sun fita.

Sashe na biyu, KOBEV, dubawar share fage ce. Manhajar tana kiransa tun kafin ta shiga layukan kaya, don ta gane ko akwai amfanin wahalar da kanta. A wannan lokacin bayanan layi ba su iso ba. Saboda haka tambayoyin kan takarda kaɗai ake sawa a nan:

FORM kobev_901.
  sy-subrc = 4.
  CHECK komk-zterm = 'Z001'.
  CHECK komk-vsbed = 'Z1'.
  CHECK komk-kdgrp NE 'Z9'.
  sy-subrc = 0.
ENDFORM.

Idan ka sa tambayar sito a nan, filin zai zo babu komai, amsa ta zama "a'a" kullum, ragin ba zai taɓa fitowa ba, kai kuma ka kwana kana neman laifi a rikodi. Idan kana shakka, sa SY-SUBRC ya zama 0 kawai a KOBEV ka bar KOBED ya yi aikin.

Yanzu ga abin da ya faru da ni, wanda nake so kowa ya ji. Bayan wata biyu, kamfanin ya ce a ƙara wani nau'in biya cikin waɗanda ake ɗauka kuɗi hannu. Na ga bai dace a riƙa buɗe shiri duk lokacin da aka sauya ra'ayi ba, sai na mayar da lambobin cikin teburin TVARVC, wanda ake gyarawa ta STVARV. Tunanin daidai ne, har yau haka nake ba da shawara a yi. Amma na sa umarnin SELECT, mai karanto lambobin daga tebur, bayan layin da ke rufe ƙofa. Shi kuwa SELECT, idan ya samo abin da ya je nema, da kansa yake mayar da SY-SUBRC ya zama 0. Daga nan duk CHECK ɗin da ya gaza yana ficewa ne da 0 a hannu, wato "e". Masu bashi suka samu ragi, 'yan kwangila suka samu, wanda aka kai wa kaya har ƙofar shago shi ma ya samu. Wata ma'aikaciya a ofishin akanta ce ta gano da yamma, ta kawo min inbois ɗin wani ɗan kwangila ta ɗora yatsa a kan layin ZKH1 ta ce, "Yallaɓai, wannan ba ya cikin masu ragi." Na ji nauyin abin ƙwarai, domin dukiyar mutane ce aka ba ni amana. Mun gyara a daren, amma sai da aka bi takardun ranar ɗaya-ɗaya, aka kira waɗanda abin ya shafa aka ba su haƙuri. Tun daga ranar, duk inda na yi SELECT ko READ a cikin sharaɗi, layin da ke biye shi ne sake sa SY-SUBRC ya zama 4.

Abu biyu kuma. Kada ka sauya darajar wani fili na KOMK ko KOMP daga cikin sharaɗi, kuma kada ka fito da saƙo a allo daga can. Karatu kawai aka ba shi izini. Sannan ka tuna ana kiran wannan ɗan shirin sau da yawa, a kowane layi, a kowane sabon lissafi. Odar dila mai layi 80 za ta ji nauyin duk wani bincike mai tsawo da ka cusa. Idan bayani yana da wuyar samowa, a samo shi sau ɗaya a ƙofofin da na ambata a mataki na uku, a ajiye a filin ZZ.

Idan ka gama, ka kunna shirin, sannan ka koma jerin VOFM ka kunna lambar ita ma. Biyu ne, ba ɗaya ba.

Mataki na shida: ɗaura shi a inda ya dace

Wuri biyu ake iya rataya sharaɗi. Idan ka sa shi a V/08, a gaban layin ZKH1, to duk nau'in yake tsarewa. Idan ka sa shi a V/07, a gaban bincike ɗaya cikin jerin, wannan binciken kaɗai yake tsallakewa, manhaja ta wuce na gaba. Namu na farko ne, tunda wanda bai cika ba ba ya da rabo ko kaɗan.

Matsayin layin a cikin tsarin ba ƙaramin abu ba ne. Ragin ya zo bayan farashin asali, kuma kafin jimlar da ake ɗora wa haraji. VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun 1 ga Fabrairun 2020. A ce bokiti 100 ne a kan naira 40,000 kowanne: jimla 4,000,000, ragin kashi 2 ya kama 80,000, saura 3,920,000, harajinsa 294,000, abin biya 4,214,000. Idan aka sa layin ragin a ƙasan haraji, za a caji 300,000, bambancin naira 6,000 a oda guda. Ka yi wannan lissafin da hannu kafin gwaji, don ka san abin da kake jira ka gani. Kada ka manta da mabuɗin asusu, mai nuna asusun da kuɗin zai faɗa; ERS shi ne wanda aka saba amfani da shi don ragi, amma akanta ne zai faɗa maka inda yake so kuɗin ya sauka. Daga nan ka shigar da rikodin kashi 2 a VK11.

Mataki na bakwai: gwaji

Kowa yana gwada odar da ta cika sharaɗi, ya ga ragi ya fito, ya yi hamdala ya tashi. Wannan gwajin shi ne mafi ƙarancin amfani. Da na gwada odar mai bashi a ranar da na sa SELECT ɗin nan, da ban shiga abin da na shiga ba.

Ka koma takardarka mai tambayoyi biyar. Oda ɗaya wadda duka suka cika. Sannan oda biyar, a kowace ka karya tambaya guda ka bar sauran: wannan bashi ce, wannan kamfani ne zai kai, wannan daga ƙaramin sito, wannan ɗan kwangila ne, wannan layin kyauta. Ƙara ɗaya mai layuka biyu daga sito biyu, ka ga ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba. Ƙara ɗaya ta kwastoman da filin rukuninsa babu komai, domin "ba Z9 ba ne" yana wucewa da fili fayau, kuma dole kamfani ya san hakan ya yarda da shi.

A kowace oda, shiga shafin farashi na layin ka danna maɓallin nazari. Zai nuna maka kowane nau'i da abin da ya same shi: an samu rikodi, ba a samu ba, ko sharaɗi kaza bai cika ba. Idan abin da ka gani ya saɓa wa zatonka, sa wurin tsayawa a cikin RV61A901 ka leƙa abin da ke cikin filayen a daidai lokacin.

Sai gwajin da ya fi kama da rayuwar kasuwa. Buɗe oda a matsayin kuɗi hannu, ragi ya fito, ka ajiye. Koma VA02 ka mayar da ita bashi. Ragin ya fita? Ba kowane sauyi ne ke sa manhaja ta sake lissafi da kanta ba, kuma sharaɗi ba ya aiki sai an kira shi. Idan bai fita ba, akwai USEREXIT_NEW_PRICING_VBKD a cikin MV45AFZB, inda ake cewa idan fili kaza ya sauya a sake lissafi. Wannan ramin, na ragi ya zauna bayan oda ta koma bashi, shi ne wanda masu wayo suke fara ganowa.

Ka bi odar har ƙarshe: takardar fitar da kaya, sannan inbois a VF01. A VTFL ake tsara yadda farashi ke tsallakawa daga fitar da kaya zuwa inbois. Harafin D yana kwafo komai yadda yake, G yana kwafowa ya sake lissafin haraji kaɗai, B kuma yana sake komai daga tushe. Ka san wanne kamfaninku yake kai, domin shi zai nuna ko za a sake tambayar sharaɗinka a inbois. A ƙarshe ka dawo da kaya ka ga nawa aka mayar wa kwastoma. Wanda ya saya da ragi, da ragi za a mayar masa.

Mataki na takwas: kai shi injin aiki

Ana ɗaukar sauye-sauyen daga injin gini zuwa na gwaji, sannan na aiki, ta STMS. Shirin sharaɗin ya riga saitin V/08 isa, ko su tafi tare. Bayan sun sauka, a gudanar da RV80HGEN ta SE38, shi ne ke sake haɗa jerin sharuɗɗan VOFM a sabon wurin. Idan aka manta, ana iya samun oda tana tsinkewa da kuskure ko sharaɗin ya ƙi aiki. Kada a yi wannan da safiyar Litinin motoci na layi a bakin get. Yammacin Asabar bayan an rufe sito ya fi. Kuma a yanke shawara a kan ododin da aka buɗe kafin sauyin, tunda su ba za su ga sabon ragin ba sai an sake musu lissafi.

Duk wannan yana aiki a tsohuwar manhajar SAP mai suna ECC, wadda SAP ta ce kulawarta ta yau da kullum za ta ƙare a ƙarshen 2027, haka kuma a sabuwar, wato S/4HANA, da kamfani ke riƙe da ita a injinsa. Masu ƙananan kamfanoni da ke amfani da wata manhajar daban mai suna ERPNext su ma suna da irin wannan: a cikin dokar farashi akwai gurbin sharaɗi da ake rubuta ɗan gajeren zance da harshen Python. Lambobin sun bambanta, amma takardar tambayoyi biyar da ododin gwaji su ne dai.

Abin da ya rage shi ne mutanen da za su zauna da abin bayan ka tafi. A saman shirin ka rubuta ranar, da wanda ya nema, da tambayoyin biyar cikin magana mai sauƙi. Kwafin takardar da aka sa wa hannu ya shiga fayil ɗin akanta. Sannan ka zauna da masu buɗe oda na rabin awa ka nuna musu maɓallin nazari, domin su ne dila zai tsare da tambaya. A Idu mun buga tambayoyin da Hausa da Turanci muka manna a jikin gilashin kanta. Bayan kwana kaɗan na ji ɗaya daga cikin yaran yana yi wa wani dattijo daga Dei-Dei bayani: "Baba, kuɗinku ya shigo, amma an rubuta motarmu ce za ta kai muku. In za ku turo mota, yanzu sai in sauya, ragin ya fito." Dattijon ya ciro waya ya kira direbansa.